Wane gam ya dace da gyaran tsohon alƙalamin tawada?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Na gaji wani alƙalami ƙirar Sheaffer Balance daga mahaifina, irin wanda ake ɗaga ɗan ƙarfen gefensa ya zuƙi tawada. Da na zare wuyansa sai na tarar jakar robar da ke ciki ta bushe, tana farfashewa kamar gawayi, kuma akwai siririyar tsaga a bakin murfin. Na samo sabuwar jaka. Shin Super Glue zai iya yi mini aikin duka biyun?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Don Allah, Malam, kada ka bari Super Glue ya kusanci wannan alƙalami. Jakar tawada aba ce da ke lalacewa, bayan wasu shekaru dole a sake buɗe wurin a canza ta, saboda haka gam ɗin da ya dace shi ne wanda yake riƙewa yau kuma yake saki idan an nemi ya saki. Abin da masu gyara ke amfani da shi tun zamanin da aka ƙera waɗannan alƙaluma shi ne shelak, wani ƙaro da ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, ana narkar da shi cikin sifirit. Yana laushi idan zafi ya kai kusan digiri 60 na Salshiyas, wanda na'urar busar da gashi ke iya bayarwa.

Ka fara kankare ragowar tsohuwar jakar daga kan nonon wuyan, wato ɗan tsinin da bakin jakar ke hawa, har ya yi sumul, ka shafa shelak kaɗan da tsinke, ka zura bakin jakar, sannan ka bar shi ya kwana. Kafin ka mayar, ka barbaɗa wa jakar hodar talk zalla marar turare domin kada ta manne da ƙarfen da ke matsa ta. Ka kula kada shelak ya ɗiga a gangar jikin, domin sifirit yana ɓata selulod, wato irin filastik ɗin da aka ƙera gangar jikin da shi.

Amsa ta biyu:
Na yarda da bayanin ɗan'uwa, sai dai maganar tsagar daban take, kuma nan ne na fi jin tsoro. Balance ya fito a 1929, jikinsa selulod ne, shi kuwa selulod ba manna shi ake yi ba: ana sa ɗigon asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da selulod, a cikin tsagar ya narkar da gefunan biyu su haɗe su koma abu guda, sannan a bar shi makonni ya bushe kafin a goge. Na taɓa gwada wannan da gaggawa a kan wani murfi, asiton ya gangaro ƙarƙashin yatsana, kuma har yau zanen yatsan yana nan a jikinsa. Idan ba ka taɓa yi ba, ka koya a kan karyayyen murfin da ba ka damu da shi ba, ko ka kai wa gwani. Super Glue kuwa yana barin farin hazo a gefen tsagar, kuma idan ya shiga ciki yana hana wannan haɗin kamawa daga baya.

Amsa ta uku:
Ƙarin abu ɗaya: ka duba ko jakar taka ta roba ce ko ta silikon, domin shelak ba ya riƙe silikon yadda ya kamata. Kuma kada ka kusantar da selulod ga harshen wuta, yana kamawa nan take.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jakar ta roba ce, don haka zan sa shelak a daren nan. Murfin kuwa na naɗe shi a kyalle na ajiye har sai na sami wanda hannunsa ya saba.