Zanen manomi da makiyayi na Bruegel: hannunsa ne ko na wani?

Malamar Zane, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina koyar da zane a wata sakandare a nan Katsina, kuma akwai hoton da nake nuna wa 'yan aji duk shekara, wanda ake kira Faɗuwar Ikarus, wato yaron nan na tatsuniyar Girkawa da ya tashi sama da fukafukai ya faɗo teku. Yara na sonsa saboda sun san abin da ke ciki: manomi mai jar taguwa yana bin doki da garma, makiyayi ya dogara sandarsa yana kallon sama, ga tumaki na kiwo. Sai mutum ya ƙura ido kafin ya hango ƙafafun Ikarus a teku, kusa da jirgin ruwa, yana nitsewa babu wanda ya waiwaye shi. Ina gaya musu Pieter Bruegel Babba ne ya yi shi wajejen 1560. To jiya wata ɗaliba ta ce ta gani a waya wai ba shi ba ne. Don Allah masu sani, yaya abin yake? Ba na son ɗora yara a kan abin da ba shi da tushe.

Tsohon Malami, Daura:
Wa alaikumus salam, Malama. Yarinyar nan ta yi gaskiya, a yaba mata. Hoton yana gidan adana zane-zane na Brussels, babban birnin Beljiyam, tun 1912 da aka saye shi, kuma babu sa hannu ko kwanan wata a jikinsa. Binciken da aka yi masa a 1996 ne ya ƙarfafa shakka. Wani abin da masana ke kafa hujja da shi: fentin mai ne a kan yadi, alhali Bruegel ya saba yin fentin mai a kan katako, in kuma a yadi ne sai ya yi da fenti mai ɗanko. Yawancinsu yanzu sun tafi a kan cewa kwafi ne mai kyau na wani zanensa da ya ɓata.

Kada hakan ya ba ki mamaki. A wancan zamanin masu zane a birnin Antwerp na Beljiyam gida-gida suke aiki, da maigida da yaransa, kamar ɗinkin babbar riga a nan: wani ya zana aska takwas a jikin yadi, wasu su zauna da allura su cike, riga ta fita da sunan gidan. Bruegel ya rasu a 1569, 'ya'yansa na ƙanana. Da babban, Pieter Ƙarami, ya girma, sana'arsa kenan maimaita zanen mahaifinsa yana sayarwa. Akwai wani zanen hunturu mai tarkon tsuntsu na 1565 da aka san kwafinsa fiye da ɗari. Ƙanen, Jan, har haɗa hannu yake da shahararren mai zane Rubens a allo ɗaya.

Ɗan Rafin Daɗi:
Baba, in dai kwafi ne ai jabu ne ko? Me ya sa gwamnatinsu ke ɓata bango da shi?

Tsohon Malami, Daura:
A'a ɗana. Jabu shi ne wanda aka yi don a yaudari mai saye. Wannan kuwa tsoho ne na gaske, kuma da babu shi da ɗan'uwansa da ke gidan tarihi na Van Buuren, can dai a Brussels, da ba mu san Bruegel ya taɓa tsara wannan yanayi ba. Na Van Buuren a kan katako yake, kuma an nuna Dedalus, uban Ikarus, yana shawagi a sama. Shi makiyayin ke kallo. A namu hoton babu shi, shi ya sa kake ganin makiyayi na kallon sararin da ba kowa.

Malamar Zane, Ƙofar Ƙaura:
Allah Ya saka da alheri, Baba. Wallahi yara sun sha tambayata me makiyayin yake kallo. Ranar Litinin zan buga hotunan biyu in manna su gefe da gefe a allo, a ƙarƙashi in rubuta cewa tsarin na Bruegel ne, hannun da ya shafa fentin kuma ana saɓani a kansa. Amma Baba, shi na katakon, akwai yadda ake gane shekarunsa?

Tsohon Malami, Daura:
Akwai, Malama. Ana ƙirga zoben shekaru a gefen allon, a gwada da na itatuwan yankin da aka saro shi, galibi ƙasashen gaɓar tekun Baltik a arewacin Turai. In ba a sare itacen ba sai bayan 1569, kin ga Bruegel ya fita daga lissafi.