Wa ya taɓa neman gudummawa daga tsofaffin ɗalibai, ko aka nema a wurinsa?

Sabuwar ma'aikaciya:
Assalamu alaikum jama'a. An mayar da ni ofishin hulɗa da tsofaffin ɗalibai na jami'ar da nake aiki, kuma aikin farko da aka ɗora mini shi ne tara kuɗin gyaran ɗakin karatu daga hannun waɗanda suka gama. Abin da na tarar a ofishin: dogon jerin sunaye, lambobin waya da yawancinsu ba sa shiga, da wata wasiƙar roƙo da aka rubuta tun kafin zuwana. Shugabanni na son a aika ta ga kowa kafin bikin yaye ɗalibai. Hankalina bai kwanta ba, domin yawancin mutanen nan rabonsu da jin ɗuriyarmu tun ranar da suka karɓi takardarsu. Ina son jin ta bakin waɗanda suka yi wannan aiki, da waɗanda aka taɓa tura wa irin wannan wasiƙa. Yaya ta kaya?

Injiniya, tsohon ɗalibi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni ina cikin waɗanda aka tura wa. Saƙon jami'armu ya same ni daidai lokacin da nake fama da su kan takardar sakamakona, wadda zan kai wata makaranta don digiri na biyu. Na yi waya har na gaji, wannan ofishi ya tura ni wancan. Sai ga saƙo mai daɗin baki yana kirana ɗan gida, wai in taimaka a gina zauren taro. Ko sisi ban bayar ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Wanda ya rubuta saƙon bai san da maganar takardata ba, amma a wurina jami'a ɗaya ce, ba na raba ofishin jarrabawa da naku.

Daga baya wani malaminmu ya kira ni da kansa, ya ce in zo in yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin yadda aikin yake a waje. Da na shiga ɗakin gwaje-gwaje sai na tarar na'urorin da muka yi amfani da su su ne dai, wasu ma sun mutu, yara na karanta aikinsu a takarda kawai. Babu wanda ya roƙe ni ranar. Ni na tambayi shugaban sashen abin da suka fi buƙata. Kafin ki aika wasiƙar nan, ki leƙa ofishin da ke ba da takardun sakamako ki ga masu jira. Su ne mutanen da za ki roƙa.

Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar asusun jami'a:
Injiniya ya faɗi rabin maganar. 'Yata, na daɗe a irin kujerar da kike kai, kuma na ga an aika wasiƙar kowa da kowa. Abin da ke dawowa kaɗan ne, da ƙorafi a bayansa, daga nan sai shugabanni su ce tsofaffin ɗalibanmu ba su da kishi. Kishin yana nan, mu ne muka yi shiru shekara da shekaru, sannan kalmar farko da muka furta ta kuɗi ce.

Mu da gyaran jerin sunaye muka fara, aiki mai cin rai da ba a yabon mai yinsa. A kowane aji akwai mutum ɗaya ko biyu da suka san inda kowa yake, wa ya yi aure, wa ya ƙaura, wa ya rasu. Su muka nema. Ki kula da maganar waɗanda suka rasu ɗin nan: babu abin da ke ɓata sunan ofishi kamar wasiƙar roƙo ta isa hannun matar mamaci da sunan mijinta a kai.

Bayan haka muka ɗauki lokaci muna aika labari kawai: malamin da ya yi ritaya, sashen da ya buɗe sabon kwas, ɗalibar da ta ci gasa. Ƙungiyar CASE, wadda ke haɗa masu irin aikinmu tun 1974, tana auna hulɗar tsofaffin ɗalibai ta fuska huɗu: ba da kuɗi, aikin sa kai, halartar taruka, da sadarwa. Wannan ma'auni ya taimake ni gaban shugabanni, don na iya nuna musu cewa mutumin da ya zo ya yi wa ɗalibai lacca ba a rasa shi ba, ko da bai sa hannu a aljihu ba tukuna.

Kuma kada ki raina ƙaramar kyauta. Michael Bloomberg, attajirin Amurka, ya gama Jami'ar Johns Hopkins a 1964, kyautarsa ta farko gare ta a shekarar da ta biyo dala 5 ce. A 2018 ya ba ta dala biliyan 1.8 don tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi. Ba ina cewa akwai irinsa a jerinki ba. Ina cewa wanda ya ba da kaɗan yau, idan aka gode masa da sunansa cikin 'yan kwanaki, aka dawo aka gaya masa abin da aka yi da kuɗinsa, shi ne zai sake bayarwa. Godiyar nan da rahoton nan su aka fi sakaci da su, alhali su suka fi sauƙi.

Ma'ajin ƙungiyar aji:
Mu ba ofishi ya haɗa mu ba, zauren WhatsApp na ajinmu ne ya haɗa mu. Da muka cika shekaru da gamawa wani ya kawo shawarar mu yi wa sashenmu wani abu. Abin da na lura, mutum zai iya share saƙon jami'a, amma da wuya ya share kiran wanda suka kwana ɗaki ɗaya. Kowane mako ina sa hoton bayanin banki a zauren, da jimillar abin da ya shigo, ba tare da faɗin abin da kowa ya bayar ba, don kada mai ƙaramin ƙarfi ya ji kunya.

Inda aka samu saɓani shi ne wajen miƙawa. Jami'a ta ce mu zuba a babban asusunta. 'Yan aji suka ce atafau, sai dai mu sayi kwamfutocin da kanmu mu kai. Haka aka yi, aka rubuta sunan ajinmu a ƙofar ɗakin. Gaskiya da an tilasta mana babban asusu, da yawa sun janye.

Farfesa mai ritaya:
Ma'aji, Allah ya saka muku da alheri, amma bari in kawo ɗaya gefen, don na zauna a kwamitin kuɗi na jami'a. Na ga ɗakunan kwamfuta irin naku an rufe su bayan 'yan shekaru, saboda wanda ya saya bai bar kuɗin gyara ba, jami'a kuma ba ta sa su a kasafinta ba. Kowa na son ya ga sunansa a jikin gini. Ba mai son biyan albashin mai kula da ginin, ko kuɗin mujallun bincike da ake sabuntawa duk shekara. Shi ya sa jami'o'i ke kwaɗayin kyautar da ba a ɗaure ta da sharaɗi ba. Lokacin da attajira MacKenzie Scott ta raba maƙudan kuɗi ga jami'o'in baƙar fata na Amurka a 2020, abin da shugabanninsu suka yi ta yabawa shi ne ta bar musu zaɓin inda za su kashe.

Na yarda rashin yardarku yana da dalili. Maganinsa jami'a ta buɗe littafinta, ta sa wakilan tsofaffin ɗalibai a kwamitin da ke kula da asusun, a fitar da rahoton mai binciken kuɗi kowa ya gani. Tsarin da ya fi ɗorewa shi ne wakafi: ba a taɓa uwar kuɗin, ana juya ta, ana kashe wani ƙaramin kaso duk shekara, galibi wajen kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari. Asusun wakafin Jami'ar Harvard ta Amurka ya haura dala biliyan 50, amma yawancinsa ƙananan asusu ne dubbai, kowanne da abin da mai shi ya ce a yi da shi. Kuma tsarin ya girmi Harvard nesa ba kusa ba. Al-Azhar ta Alƙahira ta rayu ƙarnuka a kan dukiyar wakafi, haka ma Al-Ƙarawiyyin ta birnin Fas, wadda tarihi ke danganta kafuwarta ga Fatima al-Fihri a shekarar 859.

Wani abu kuma, 'yata mai tambaya: ki nemi a rubuta ƙa'idar irin kyautar da ba za ku karɓa ba, tun kafin babbar kyauta ta zo. A 2011 shugaban makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan (LSE), Howard Davies, ya ajiye muƙaminsa saboda kuɗin da makarantar ta karɓa daga gidauniyar ɗan Gaddafi. Jami'ar Oxford ta cire sunan iyalan Sackler, masu ba ta kyauta waɗanda aka zargi kamfanin maganinsu da yaɗa ƙwaya mai sa jaraba, daga gine-ginenta a 2023. Idan kuɗi na kan tebur, ƙin karɓa yana da wuya matuƙa in babu rubutacciyar doka da za a jingina da ita.

Sabuwar ma'aikaciya:
Allah ya ƙara girma, Farfesa. Hajiya, idan shugabanni suka dage sai an aika kafin bikin, me zan ce musu?

Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar asusun jami'a:
Kada ki ce musu a'a, ki ce a rage. A zaɓi waɗanda aka tabbatar da adireshinsu kuma sun taɓa amsa wani kira, a rubuta musu daga sashensu, da sa hannun malamin da suka sani. A faɗi takamaiman abin da za a gyara a ɗakin karatun, da kuɗinsa, da ranar da za a kawo rahoto. Sauran a aika musu gayyata da labari kawai. Sannan ki roƙi shugabannin su fara bayarwa da kansu, don tambayar farko da babban mai bayarwa ke yi ita ce: ku na ciki me kuka sa?

Matashiya, ba ta daɗe da gamawa ba:
Don Allah ku tuna da irinmu. An kira ni ana neman gudummawa ina zaune ba aikin yi, sai na ji kamar an yi mini gori, duk da na san ba nufinsu ke nan ba. Abin da nake buƙata daga jami'a a lokacin shi ne a haɗa ni da wani da ya riga ni a fannina. Da aka fara shirin haɗa mu da manya, wata yaya da ta gama shekaru kafin ni ta duba takardar neman aikina, ta koya mini yadda ake amsa tambayoyin ganawa. Yanzu duk lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ina amsa tambayoyin 'yan sakandare da iyayensu a madadin sashenmu. Kuɗi ba ni da shi tukuna, lokaci nake bayarwa, kuma ina fata ana rubuta shi a wani wuri.

Mai kula da shafukan jami'a:
Ana rubutawa a wurinmu, 'yar'uwa, kuma ku ne tallan da ya fi shiga. Mun sa hotunan gine-gine a Facebook da Instagram, mutane na wucewa. Da muka sa gajeren bidiyon wata tsohuwar ɗaliba tana bayanin aikinta da malamin da ya ɗora ta a hanya, 'yan ajinta suka yi ta yaɗawa, iyaye suka fara turo tambayoyi kan kwas ɗin. Ofishin talla da na tsofaffin ɗalibai aiki ɗaya suke yi, raba su asara ce.

Abu biyu na kiyaye. Ba na sa hoto ko labarin kowa sai da izininsa a rubuce, musamman ɗaliban da suka samu tallafi, don ba kowa ke son a san talaucinsa ba. Idan kuma kuna da tsofaffin ɗalibai a Turai, dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki a Mayun 2018 ta ba su ikon cewa a daina aiko musu saƙo, kuma dole a daina.

Likita a ƙetare:
Mu da ke nesa matsalarmu hanya ce. Na yi niyyar bayarwa, shafin biyan kuɗin ya ƙi karɓar katina, na rubuta wa adireshin da ke ƙasan shafin ba amsa, niyyar ta huce. Ki gwada shafinku da kanki daga waya, ki sa wani da ke wata ƙasa ya gwada. A Ingila akwai tsarin Gift Aid: duk fam ɗaya da mai biyan haraji ya ba ƙungiyar agaji mai rajista a can, gwamnati na ƙara mata kashi 25 cikin ɗari a kai. Wannan ne ya sa jami'o'in wasu ƙasashe ke buɗe gidauniya mai rajista a inda ɗalibansu suka taru. Manyan makarantun fasaha na Indiya da ake kira IIT sun yi nisa wajen riƙe mutanensu na gida da na waje. A 2023 attajiri Nandan Nilekani ya ba IIT Bombay rupi biliyan 3.15, shekara 50 bayan shigarsa makarantar. Idan kun buɗe hanyar biya da ke aiki, ki sa a riƙa haska taron tsofaffin ɗalibai kai tsaye ta intanet, a lokacin da mu ma mun tashi daga aiki. Zan haɗa ki da abokan karatuna da ke nan, muna da yawa.