In ka goge hoto a waya, yana nan a Google?

Kawu: Assalamu alaikum 'yan gida. Wayata ta cika, ko hoto ta ƙi ɗauka. Zan share na bikin bara da na suna gaba ɗaya, tunda yaron da ya saita min ita ya ce komai yana hawa Google Photos. Abin da ya hau can kuwa ya zauna ke nan, ko wayar ta faɗa rijiya.

Auta: Wa alaikumus salam. Kawu don Allah ku dakata, kada ku taɓa komai tukuna.

Yaya Babba: Ke Auta kin cika tsorata mutane. Gaskiyar Kawu ce. Ni da aka sace min waya a tasha, sabuwa na saya, na sa imel da kalmar sirri, lambobina da hotunana suka dawo kamar ba a yi ba. In wannan ba ajiya ba ce, mece ce?

Auta: Yaya, sata daban, gogewa daban. Da aka sace taka, wayar ce kawai ta yi shiru, abin da ke can ya zauna yadda ka bar shi. Amma in Kawu suka shiga Google Photos suka danna gogewa, wayar za ta kai saƙo cewa mai shi ba ya so, sai a cire shi ko'ina: can wurinsu, da kwamfuta, da duk wayar da ke kan wannan imel ɗin. Kamar madubi yake, abin da ka yi a nan shi zai nuna a can.

Gwaggo: To ni mai iPhone fa?

Auta: Duk ɗaya ne Gwaggo. A iCloud, wato ma'ajiyar Apple ta masu iPhone, hoto yana kwana 30 a kwandon shara kafin ya tafi. Na Google kwana 60, in hoton ya riga ya hau.

Yaya Babba: Yauwa, da bakinki kin faɗa. Wata biyu cur! Wanda bai lura ba a wata biyu dama ba ya so.

Auta: Wa ke duba hotunan biki duk wata? Sai ranar da amarya ta ce a turo mata.

Ɗan Baffa: Ni da nake wuni a Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, abin da na fi gani ba wannan ba ne. Kuna ta musu kan abin da ya hau, kun tabbata ya hau ɗin? Giga 15 Google ke bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da hotuna duk a kwano ɗaya suke ci. Da can hotuna ba sa cin wuri in ka yarda a rage musu nauyi, aka daina wannan ranar 1 ga Yuni, 2021. Daga 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ita ma ta shigo kwanon, da bidiyoyin wa'azi da na barkwanci da ake turowa nan dare da rana. In ya cika, hoto ya daina hawa, imel ma ya daina shigowa. Ga kuma wayoyi da yawa an saita su sai da Wi-Fi za su aika, don kada data ta ƙare. Kawu, yaushe rabon wayarku da Wi-Fi?

Kawu: Tun shagon da na saye ta.

Yaya Babba: To a kunna data, in wuri ya ƙare a biya kuɗin wata. Ni dai na fi yarda da manyan kwamfutocinsu a kan filashin da ke mutuwa a aljihu. Nasu har abada ne.

Ɗan Baffa: Har abada ta Allah ce, Yaya. Tun Disambar 2023 Google na iya share asusun da aka shekara biyu ba a leƙa ba.

Gwaggo: Ni wata damuwar ce da ni. Giga 5 suka ba ni, ta cika tuni, ban ma ji haushi ba. Hotunanmu na ɓangaren mata, wasu ko mayafi babu, a ce suna ɗakin ajiyar wasu a Amurka ko oho?

Auta: A kulle suke Gwaggo, sai dai yawanci kamfanin na riƙe da mabuɗi. Apple ya fito da zaɓi a ƙarshen 2022 wanda mabuɗin ke hannunku kaɗai, WhatsApp ma yana da irinsa tun 2021, da kalmar sirri ko mabuɗi mai lamba 64. Amma in kuka manta, su kansu ba za su iya buɗe muku ba.

Kawu: Lamba 64? Ni kalmar sirrin imel ɗin ma tana wurin yaron nan, shi kuma ya koma Abuja.

Ɗan Baffa: Innalillahi. A fara da wannan. Bayan nan akwai maɓalli na musamman na rage wa waya kaya, wanda ke cire kwafin da ke kanta kawai, na waɗanda suka riga suka hau. Shi za a danna. Amma sai na kwashe muku komai a filashi tukuna.

Yaya Babba: Filashi dai. Za ku gani.

Kawu: Ka zo da shi bayan La'asar. Auta, nemo min lambar yaron nan wurin Gwaggonki.