Poinsettia: sunan guba ne ko sunan jakada?

Hajiya Zainab: Jama'a, ku yi hattara da shukar nan mai jan fure da ake ado da ita lokacin Kirsimeti, poinsettia. An ce daga kalmar guba ta Turanci, poison, aka samo sunan, don kisa take yi.

Malam Isa: Hajiya, kama ce kawai ta sauti. Sunan mutum ne, Joel Roberts Poinsett, jakadan Amurka na farko a Meksiko, wanda ya kama aiki a 1825. Can ya ga shukar, ya aika da ita gida wajen 1828, masu lambu suka laƙaba mata sunansa.

Hajiya Zainab: To gubar fa, Malam? Ni na ga farin ruwan da take fitarwa.

Rahila: Anti, dangin aguwa da tinya ce, shi ya sa. Ruwan yana sa ƙaiƙayi, yaro in ya tauna ganyen zai iya yin amai, amma ba ta kisa. Kuma jan nan ganye ne, furen su ne 'yan ƙananan rawaya na tsakiya.

Bala: Ni sunan ne ma ban yarda da shi ba. Mutanen Aztek, 'yan asalin Meksiko na dā, sun san ta tun kafin a haifi kakan Poinsett. Cuetlaxochitl suke kiranta, suna rini da jan ganyen, suna maganin zazzaɓi da ruwan. Baƙo ya zo ya tsinka, shi ke nan ta zama tasa? Mutumin da ya mallaki bayi, kuma shi ne sakataren yaƙin Amurka a 1838 da aka kori ƙabilar Cheroki, 'yan asalin Amurka, daga ƙasarsu.

Malam Isa: Tarihinsa ban musa ba, Bala. Amma wa zai iya furta cuetlaxochitl a kasuwa? Suna in ya bi baki, ba a cire shi da hujja.

Bala: Malam, mutanen Meksiko ai ba su taɓa karɓar sunan ba. Flor de Nochebuena suke cewa, furen daren jajibirin Kirsimeti.

Rahila: Mu dai a cocinmu furen Kirsimeti muke cewa, ba ruwanmu da jakada.

Hajiya Zainab: Na ji batun sunan. Amma jikana yana rarrafe, ba za ta shigo falona ba.

Malam Isa: Ki ɗora ta kan kabad mana, Hajiya.