Muhawara: shin ruwan burtsatse na buƙatar kulorin?

Alhaji, shugaban kwamitin ruwa: Salamu alaikum. Ga maganar da ta raba kan kwamiti. Wasu sun ce ruwan burtsatsen gari, wanda sola ke turawa tankin sama ya sauko famfuna, ba ya buƙatar kulorin, tunda ƙasa ta riga ta tace shi. Wai sai ruwan kogi da na dam, irin wanda ake tacewa a matatun ruwa na Tamburawa da Challawa a Kano. Masana, bismillah.

Mai haƙar burtsatse: Ranka ya daɗe, ina tare da su. Ruwan kogi yana zuwa da laka, dole a zuba masa alif ya kwanta, a ratsa shi ta yashi, sannan a sa kulorin. Na ƙarƙashin ƙasa kuwa ya ratso yashi da yumɓu na mitoci masu yawa. Idan an zura bututun rijiyar daidai, an cike gefensa da siminti daga sama, an yi daɓe mai gangara, masai kuma ya yi nisan mita 30, ta ina ƙwayar cuta za ta shiga? Kulorin ɗin da na yarda da shi shi ne na wanke rijiya bayan haƙa, ko bayan an ciro famfo an mayar.

Injiniya: Malam, a bakin rijiya maganarka gaskiya ce, amma ba a can ake sha ba. Ƙananan garuruwanmu ba sa samun ruwa dare da rana. Sola ta yi aiki, a buɗe na 'yan awoyi, a rufe. Da zarar bututu ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta duk inda ya tsage ko mahaɗa ta saki. Ina bututun yake bi? Ta cikin kwata. Ruwan farko da ke fitowa in an buɗe, mai ɗan duhu da wari, daga nan yake. Ga tankin da murfinsa ya ɓace, tsuntsu da ƙadangare na kashi a ciki.

Mai haƙar burtsatse: To ai gyaran bututu ke nan, Injiniya, ba magani ba.

Duba-gari: A gyara bututun ma, saura jarka. Ɗan garuwa ya cika jarkoki masu lita 25 da cikinsu ya yi gansakuka, a juye a randa, yaro ya tsoma moɗa da hannunsa. Abin da ke kare ruwa a wannan tafiyar shi ne ragowar kulorin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a samu aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 30 da zubawa, kada kuma ya gaza 0.2 a famfon ƙarshe. A kwalarar 2021 Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Hajiya, malamar asibiti: Ni ba na jayayya da amfaninsa, yadda ake zubawa ne ke damuna. Mai kula da tanki ya kamfaci hoda da gwangwani ya watsa, ruwa ya fito da wari, shayi ya ƙi shawuwa, mata su koma rijiyar gida da kududdufi. An gudu ba a tsira ba. In babu mai aunawa, gara a bar ruwan yadda yake a koya wa mutane rufe randa.

Injiniya: Hajiya, lissafin bai kai yadda ake jin tsoronsa ba. Farar hodar kulorin ɗin nan da ake kira HTH ƙarfinta kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ne. Giram 15 a lita ɗaya ta ruwa yana ba da haɗi mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari. A dama a bokitin roba, a bar allin ya kwanta, a tsiyaye na sama. Sai a jera bokiti huɗu masu lita 20 na ruwan rijiyar, a sa musu mililita 1 da 1.5 da 2 da 2.5 na haɗin da sirinji, a jira minti 30, a gwada da ƙwayar DPD, wadda ke mayar da ruwa ruwan hoda gwargwadon kulorin ɗin da ya rage a ciki. Bokitin da ya ba da 0.5 shi ne ma'aunin garin. Tankin lita 50,000, in ana son miligiram 1 a lita, giram 75 na hodar ne kacal. Kada a watsa hodar kai tsaye a tankin ƙarfe, tana cin sa. Kuma in ta sha rana ko aka bar gwangwanin a buɗe ƙarfinta raguwa yake, don haka ake sake gwaji lokaci-lokaci.

Mai haƙar burtsatse: Sai ku shirya wa ƙorafi a inda ruwa ke da ƙarfe. Yana fitowa garau, da ya haɗu da kulorin sai ya yi ja, ya ɓata farin kaya. Mutane za su ce maganin ne ya lalata musu ruwa.

Injiniya: Ko ba kulorin zai yi ja in ya kwana a bokiti, iska ce ke sa shi. Irin wannan rijiya sai an watsa ruwanta ya sha iska, a tace da yashi, kafin a kai ga kulorin. Haka ruwa mai gurɓi bayan ambaliya, irin wadda ake yi a ƙasar Haɗeja: in laka ta yi yawa ita ke cinye maganin.

Duba-gari: Shi kuma alif, a faɗa wa iyayenmu mata, kwantar da laka yake yi, ba ya kashe cuta.

Hajiya: Na ji lissafi. Wa zai riƙa sayen ƙwayar gwajin, wa kuma zai bi famfunan ƙarshen gari da safe yana aunawa?

Alhaji: Wannan kam sai mun zauna. Injiniya, ka zo da bokitan da sirinji ranar Asabar bayan la'asar. Malam, kai kuma ka duba mana daɓen rijiyar bayan makaranta, an ce ya tsage.