Bukukuwan Kirista: abin da aka tattauna a taƙaice

To jama'a ga abin da na tsinta daga muhawarar da aka yi kan yadda ɗariƙun Kirista daban-daban ke yin bukukuwansu. Shawara ta farko da kusan kowa ya maimaita ita ce kar ka ɗauka duk Kirista ɗaya ne wajen biki. 'Yan Katolika da Angalika suna Kirsimeti ran 25 ga Disamba, suna Ista, kafin nan ma akwai azumin kwana 40, amma Otodoks na Rasha da Habasha da Kibɗawan Masar Kirsimetinsu sai 7 ga Janairu saboda tsohuwar kalanda suke bi. Shaidun Jehobah kuwa sam ba sa Kirsimeti ba sa Ista, ko bikin ranar haihuwa ba sa yi, tunawa da mutuwar Yesu kawai suke sau ɗaya a shekara, don haka aka ce ka tambaya tukun kafin ka kai musu kyauta ko gayyata, in sun ƙi kuma ba wulaƙanci ba ne. Wasu sun kawo ayar Littafi Mai Tsarki ta Romawa 14:5 cewa kowa ya bi abin da zuciyarsa ta tabbatar.

Ni dai shawarar da ta fi burge ni ita ce ta masu auren ɗariƙa daban, wai su daidaita maganar bikin da yara za su bi tun kafin Disamba ta zo.