Agogon Baba ya ce zuciyarsa ba ta bugawa daidai, wa ya taɓa ganin haka?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ya saya wa Babanmu Apple Watch, to sau uku cikin mako guda agogon na nuna masa bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Ya wuce shekara 65, ga hawan jini. Shi kuwa ya ce garau yake, agogo ba zai aike shi asibiti ba. Don Allah wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya ba mu labari.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Hajiya ku lallaɓa shi ya je. Mahaifiyata haka ta yi ta cewa faɗuwar gaba ce kawai, sai da ɓarin jikinta ya shanye sannan aka gano AF ce, wato rikicewar bugun zuciya. Likita ya ce idan saman zuciya na karkarwa maimakon bugawa, jini kan taru ya yi gudaji, gudajin ya tafi ƙwaƙwalwa. Har yau abin na ci mini rai, da mun sani da wuri da an ɗora ta kan maganin tsinka jini.

Direban Tirela: Allah ya ba Mama lafiya. Ni nawa ɗan kasuwa ne mai araha, na ɗaura shi a ƙafar kujera ya nuna min bugun zuciya. Tun ranar lokaci kawai nake dubawa.

Ma'aikaciyar Jinya: Amin. Agogunan ba ɗaya ba ne. Koren hasken da ke bayan agogo motsin jini a wuyan hannu yake karantawa, saboda haka idan maɗaurin ya yi sako-sako, ko ana tafiya, ko hannu ya yi sanyi, sai ya rikice. Amma na Baba in yana da ECG, wato gwajin lantarkin zuciya, ya zauna ya ɗora yatsa a zagayayyen maɓallin gefe da ake murzawa na daƙiƙa 30, ku fitar da sakamakon a waya ku nuna wa likita. Na agogo layi ɗaya ne, na asibiti 12 ne. Kuma ku riƙe wannan: agogo ba ya gane toshewar jijiyar zuciya. Ciwon ƙirji, gumi, numfashi sama-sama, a tafi asibiti ko me agogo ya ce.

Malam na Firamare: Ni kuma abin tsoro ya sa mini. Har tsakar dare nake tashi in duba, in na ga bugun zuciyata ya haura 100 sai hankalina ya tashi, ya ƙara hawa. Aka maƙala mini Holter, na'urar da ke naɗar bugun zuciya, na kwana da wuni, ba a ga komai ba. Likita ya tambaye ni goro nawa nake ci a rana, ga shayi. Na rage, na kuma daina kwana da agogon.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba saƙon Ɗan Zariya, ya yi shiru. Yayanmu zai kai shi ranar Litinin, mun riga mun tura sakamakon uku a wayarsa.